Likita Lucy Wills (1888-1964) da Ƙarancin Jinin Masu Ciki

Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki a asibiti ta san 'yar ƙwayar nan ƙarama, galibi rawaya, wadda ake haɗa mata da jan maganin ƙarin jini a ce ta riƙa sha kullum. Sunanta folik asid. Saboda ƙanƙantarta da arharta mata da yawa ba su ɗauke ta a bakin kome ba, wasu ma sukan tura ta ƙarƙashin katifa su manta da ita. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu kawo tarihin matar da ta fara gano cewa akwai wannan sinadari a cikin abinci, watau Likita Lucy Wills, Baturiyar Ingila. Mun saba karanta tarihin sarakuna da malamai da mawaƙa. To, yau ga tarihin wata wadda aikinta ya shiga ɗakin iyaye mata a ko'ina cikin duniya, amma kaɗan ne suka taɓa jin sunanta.

Asalinta da Karatunta

An haifi Lucy Wills ran 10 ga watan Mayu, 1888, a garin Sutton Coldfield, kusa da birnin Birmingham. Gidansu gidan masu hali ne, suna da masana'antar ƙera kayan aiki masu kaifi irin su lauje. Mahaifinta, William Leonard Wills, ya yi karatun kimiyya a Manchester, mutum ne mai sha'awar sanin tsirrai da dabbobi da duwatsu. Mahaifiyarta kuwa 'yar likita ce. A irin wannan gida ta tashi, saboda haka ba abin mamaki ba ne da wanta Leonard ya zama shehun malami a fannin ilmin duwatsu a Jami'ar Birmingham, ita ma ta bi hanyar kimiyya.

A 1903 aka kai ta makarantar 'yan mata ta Cheltenham, ɗaya daga cikin 'yan makarantun da ke koya wa mata lissafi da kimiyya a wancan zamani. Daga nan, a 1907, ta shiga Kwalejin Newnham ta mata a Kambirij, inda ta karanta ilmin tsirrai da na duwatsu. Ta ci jarrabawar farko a 1910, ta biyu a 1911. Amma fa ba a ba ta digiri ba. Jami'ar Kambirij ta yarda mata su zauna a aji, su rubuta jarrabawa iri ɗaya da ta maza, sa'an nan idan an zo rabon digiri a ce su koma gefe. Haka aka yi ta yi har 1948. Ya kamata mu da ke karatu a yau mu riƙa tunawa da irin wannan, domin sau da yawa mukan zaci ilmin mata a Turai abu ne da aka gada tun kaka da kakanni.

Mahaifinta ya rasu a 1911. A 1914 ta yi tafiya zuwa Afirka ta Kudu, tana can Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Ta yi 'yan makonni tana aikin jinya na sa kai a wani asibiti a Cape Town, kana ta koma gida. A watan Janairu na 1915 ta shiga makarantar koyon likitanci ta mata da ke Landan, wadda ke haɗe da asibitin Royal Free. Ta gama a 1920, tana da shekara 32. Ba ta buɗe wurin duba marasa lafiya na kanta ba, sai ta zauna a wannan asibiti a sashen da ake auna jini da fitsari da sauran ruwan jiki don gano cuta. A nan ta ƙware wajen aiki da madubin likita, wanda shi ne ya zama babban makaminta daga baya.

Matan Masaƙun Bombai

A 1928, tana da shekara 40, aka gayyace ta Indiya. Wadda ta kira ta ita ce Likita Margaret Balfour, wadda ta daɗe tana aiki a can, tana kuma binciken abin da ke kashe mata wajen haihuwa. An ba ta wurin aiki a Cibiyar Haffkine da ke Bombai, birnin da ake kira Mumbai a yanzu.

Bombai a lokacin birni ne na masaƙun auduga. Dubban talakawa sun baro ƙauyuka sun cika shi, iyali guda a ɗaki guda, mata da maza duk suna aikin masaƙa. A cikin matan nan akwai wata cuta da ke kama masu ciki. Mace za ta koɗe, ƙafafunta su kumbura, harshenta ya yi ciwo, ta riƙa haki ko da 'yar tafiya kaɗan ta yi. Idan naƙuda ta zo ta same ta a wannan hali, jinin da za ta zubar ko bai taka kara ya karya ba yakan isa ya tafi da ita. Kowa ya san ƙarancin jini ne. Abin da ba a sani ba shi ne wane iri ne, kuma me ke kawo shi.

A nan sai mai karatu ya yi mana haƙuri mu ɗan yi bayani, domin in ba a fahimci wannan ba, ba za a gane inda gwanintar Lucy Wills take ba. Ƙarancin jini iri-iri ne. Wanda aka fi sani shi ne na rashin sinadarin ƙarfe a jiki, inda jajayen ƙwayoyin jini sukan zama ƙanana, koɗaɗɗu. Na matan Bombai ya saɓa wa wannan. Idan aka ɗiga jininsu aka duba da madubi sai a ga ƙwayoyin manya-manya ne fiye da ƙima, amma 'yan kaɗan. Likitocin Turai sun san wata cuta mai irin wannan kama, wadda suke kira mugun ƙarancin jini, domin a da duk wanda ta kama sai kabari. A 1926 wasu likitoci biyu na Amurka, George Minot da William Murphy, suka nuna cewa ciyar da mai wannan cuta hanta da yawa yana warkar da shi. Saboda kamar da ke tsakanin cututtukan biyu, sai aka ɗauka abu ɗaya ne, har aka raɗa wa ta Indiya suna mugun ƙarancin jini na masu ciki.

Lucy Wills ba ta gamsu da wannan suna ba. Ta lura cewa masu cutar Turai galibi dattawa ne, kuma tumbinsu ba ya fitar da ruwan tsamin nan da ke narkar da abinci. Matan Bombai kuwa matasa ne, da ta auna sai ta tarar ruwan tsamin cikinsu yana nan. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana. Sai ta fara bin zato ɗaya bayan ɗaya. Da farko ta nemi ƙwayar cuta, ta yi ta auna jini da bayan gida na majinyata, ba ta sami abin da zai bayyana matsalar ba. Daga nan ta juya ga abinci. Ita da abokan aikinta 'yan Indiya, Manek Mehta da Sakuntala Talpade, suka bincika abin da matan nan ke ci da yadda suke zaune. Waɗannan biyu sunayensu na kan takardun da aka buga, amma masu ba da labarin sukan tsallake su, alhali kuwa baƙuwar da ba ta daɗe da sauka ba ba za ta iya sanin abin da ke cikin tukunyar talakan Bombai ita kaɗai ba. Abin da suka gano shi ne cutar ta fi yawa a inda talauci ya fi tsanani, inda abinci bai wuce tsaba ba, babu isasshen ganye, babu 'ya'yan itace, babu nama ko madara sai nadiran.

Zato dai ba hujja ba ne. Don ta tabbatar, sai ta ɗauki ɓeraye ta riƙa ciyar da su irin abincin matan masaƙa. Ta yi wani ɓangare na wannan aiki a Cibiyar Pasteur da ke Coonoor, a kan duwatsun kudancin Indiya, inda Robert McCarrison ke shugabantar binciken abinci mai gina jiki. Ɓerayen suka kamu da ƙarancin jini, musamman masu ciki, da aka ƙara musu yis a abinci kuwa sai abin ya kau. Wani mai gaggawa da nan zai tsaya ya buga ganga. Ita kuwa sai ta ga akwai lauje cikin naɗi, domin ɓerayen suna ɗauke da wata ƙwayar cuta tasu wadda ita ma kan jawo ƙarancin jini, saboda haka ba za a iya rantsuwa cewa abincin ne ya jawo ba. Ta bar ɓeraye ta koma kan birai. Su ma da aka ɗora su kan wannan abinci jininsu ya lalace kamar na matan. Akwai wani biri da ya galabaita ƙwarai, ta ba shi Marmite, ya farfaɗo cikin 'yan kwanaki.

Marmite wani abu ne baƙi-baƙi mai kauri da gishiri, wanda Ingilishi ke shafa wa burodi. Tun 1902 ake yin sa daga ragowar yis da masu dafa giya ke zubarwa. Ba magani ba ne, a kantin kayan abinci ake sayar da shi. Ta gwada shi a kan majinyata a Bombai, ta kuma yi aiki a wani asibitin mata a Madras. Hanyar gane ko magani ya kama ita ce a riƙa ƙidaya sababbin ƙwayoyin jini da ɓargo ke fitarwa. Bayan 'yan kwanaki da fara ba su, sai ƙidayar ta yi sama, matan da aka fid da rai da su suka fara tashi zaune. A 1931 ta buga sakamakon a mujallar British Medical Journal. Amfanin abin a fili yake. Ruwan hanta da ake sayarwa yana da tsada, ga shi kuma Indiyawa da yawa ba sa cin nama saboda addini. Wannan kuwa ga arha, ga shi ba daga dabba ya fito ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: Lucy Wills ba ta san ko mene ne a cikin yis ɗin ke warkarwa ba, ba ta kuma tace shi ta fitar da shi ba. Abin da ta tabbatar shi ne akwai wani abu a can, kuma rashinsa a abinci ne ke kashe matan. Masana suka riƙa kiransa sinadarin Wills. Sauran gardama ɗaya ta rage, watau ko wannan abu shi ne dai wanda ke cikin hanta mai warkar da cutar Turai. A 1937 ta koma Bombai, ita da Barbara Evans suka warware wannan. Sun nuna cewa ruwan hanta da aka tace sosai, wanda ke warkar da cutar Turai sarai, ba ya yi wa matan Bombai kome, amma ɗanyen ruwan hanta da ba a tace ba, da kuma yis, suna yi. Ke nan abubuwa biyu ne daban, tacewa ce ke zubar da ɗayan.

Wasu ne suka ƙarasa aikin a Amurka. A 1941 Herschel Mitchell da Esmond Snell da Roger Williams suka fitar da sinadarin daga wani ganye na Turawa mai kama da alayyafo, suka sa masa suna folik, daga kalmar Latin mai ma'anar ganye. A 1945 masanan kamfanin Lederle suka harhaɗa shi a ɗakin bincike, kuma shugaban wannan bincike, Yellapragada Subbarow, ɗan Indiya ne. Ɗaya sinadarin na cutar Turai, watau bitamin B12, sai a 1948 aka ware shi. Yanzu an san dalilin girman ƙwayoyin nan da ta gani. Ƙwayar halitta ba ta iya rabuwa biyu sai da folik. Idan ya yi ƙaranci, sai ƙwayar jini ta yi ta girma a cikin ɓargo ba ta rabu ba. Mai ciki kuwa tana gina jikin mutum biyu ne, buƙatarta ta fi ta kowa. Ana samun sa a ganyaye da wake da gyaɗa da hanta, sai dai doguwar dafuwa tana lalata shi.

Sauran Rayuwarta

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana Landan tana aikinta a Royal Free. Waɗanda suka yi zamani da ita sun tuna ta a kan keke take zuwa aiki, sa'ad da manyan likitoci ke zuwa cikin motoci. A cikin ruwan bama-baman nan ta gudanar da wani gwaji kan amfanin ba masu ciki maganin ƙarfe, inda aka ba wasu maganin gaske, wasu kuma ƙwayar da ba kome a cikinta, don a kwatanta. Ta yi ritaya a 1947, amma ba ta zauna ba. Ta je Afirka ta Kudu da Jamaika, a 1950 kuma ita da Muriel Bell ta ƙasar New Zealand suka binciki abincin mata da yara a tsibiran Fiji. A shekarunta na ƙarshe an zaɓe ta kansila a unguwar Chelsea ta Landan, a ƙarƙashin jam'iyyar Leba. Ba ta yi aure ba. Ta rasu a watan Afrilu na 1964, tana da shekara 75.

Abin da Ba Ta Rayu Ta Gani Ba

Har ta koma ga Mahaliccinta, abin da Lucy Wills ta sani shi ne sinadarinta yana ceton uwa. A shekarar da ta rasu ne wani likitan mata a Liverpool, Bryan Hibbard, ya kawo zaton cewa ƙarancinsa yana iya taɓa halittar ɗan da ke ciki, a 1965 kuma Elizabeth Hibbard da likitan yara Richard Smithells suka ƙarfafa wannan zato.

Ga yadda abin yake. A makonnin farko na ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka shimfiɗe yake kamar ƙyalle. Sai gefunansa biyu su naɗo su haɗu, su rufe kamar yadda tela ke ɗinke hannun riga. Wannan ɗinki yana kammala ne wajen kwana 28 da shigar ciki. Idan ya bar kafa ta ƙasa, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya, wani lokaci da ƙullutu kamar jaka. Irin wannan yaro yakan tashi da shanyayyun ƙafafu, ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida, sau da yawa kuma ruwa ya taru masa a ka. Idan kafar ta sama ce, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa cika, jaririn ba ya rayuwa. Masana sun ƙiyasta cewa ana samun kimanin 300,000 irin waɗannan a duniya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, inda likitan da zai yi wa jariri aiki a baya ko a ka ya fi wuyar samu.

An daɗe ana gardama kafin a sami hujjar da ba ta da ja. A 1991 aka bayyana sakamakon babban gwajin da majalisar binciken likitanci ta Ingila ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin Nicholas Wald. An yi shi kan matan da suka taɓa samun irin wannan ciki, aka ga miligiram 4 na folik asid a kullum ya rage sake aukuwar abin da kashi 72 cikin ɗari. A 1992 Andrew Czeizel a ƙasar Hangari ya nuna cewa yana kare har waɗanda ba su taɓa samu ba. A 1999 kuma wani bincike a ƙasar Sin ya nuna cewa ɗan kaɗan ma, miligiram 0.4, ya isa, kuma amfaninsa ya fi fitowa a arewacin ƙasar inda matsalar ta fi yawa. Wannan adadi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mace ta riƙa sha kullum, tun kafin ta ɗauki ciki.

To, a nan gizo ke saƙa. Kwana 28 lokaci ne da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. A wajenmu kuwa, ko ta sani, kunya da al'ada sukan sa ta ɓoye, balle mai cikin fari, sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar kafin a fara zancen awo. Ƙwayar da za a ba ta a lokacin za ta gyara mata jini, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A tsakiyar shekarun 1980 Alan Fleming da Kelsey Harrison da abokan aikinsu sun buga binciken da suka yi kan masu cikin fari a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya nuna yadda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin folik ke haɗuwa su cinye jinin mai ciki. Amma game da bayan jariri, a wata na huɗu bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Saboda wannan ne wasu ƙasashe suka bi wata dabara, watau a zuba sinadarin cikin garin da kowa ke ci, yadda zai isa jikin mace tun ba ta yi tunanin ciki ba. Amurka da Kanada sun wajabta haka a 1998, Chile a 2000, Afirka ta Kudu a 2003 ta sa shi a garin masara da na alkama, kuma a dukansu an ga haihuwar irin waɗannan jarirai ta ragu. A watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin kira ga ƙasashe su hanzarta yin haka. Sai dai dabarar tana aiki ne inda mutane ke sayen gari daga manyan kamfanoni. Matar ƙauye da ke surfa geronta ta kai injin niƙa na bakin kasuwa, ko ta daka a turmi, ba ta cikin lissafin, kuma ita ce ta fi kama da matan da Lucy Wills ta tarar a Bombai. Indiya ta fara rabon maganin ƙarfe da folik asid ga masu ciki a faɗin ƙasa tun 1970. Ingila kuwa, ƙasar da ta haifi Lucy Wills, ta kuma biya kuɗin gwajin 1991, sai a 2021 gwamnatinta ta sanar da shawarar wajabta zuba folik asid a garin alkama, shekara 90 bayan takardar da aka rubuta kan matan masaƙa.